Abin da ke sa hoto ɗaya ya fita da kala daban-daban a burauza

A Maraɗi yanzu cinikin shadda, atamfa da leshi sau da yawa daga hoto yake farawa. Mai shago a babbar kasuwa ya ɗauki hoton sabon kaya da salularsa, ya saka a Facebook ko ya tura ta WhatsApp, uwar amarya a Yamai ko Damagaram ta zaɓi na anko, a ɗora a mota. Kaya na isa sai waya ta biyo baya: "Alhaji, ai ba wannan na zaɓa ba, na cikin hoto ya fi ja." Shi kuma ya rantse daga bandir ɗin da ya ɗauka ya yanka. Masu hoton biki ma suna shan irin wannan. Mutum ya kwana yana gyaran hoto a kwamfuta har fatar amarya ta zauna daidai, ya ɗora a intanet, ya buɗe a Chrome ya ga lafiya lau, ya buɗe a wani burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ya ga fuska ta yi jawur, ya duba a wayar yaronsa ya ga komai ya koɗe. Abin da ke damuna a nan shi ne amanar da ke taɓuwa tsakanin mutane biyu da duk gaskiya suke faɗa. Akwai dalilin da ke jawo haka, kuma kaso mai kyau daga cikinsa yana gyaruwa ba tare da an kashe ko dala ba.

Hoton da ke cikin waya ba launi ne a ajiye cikinsa ba, lambobi ne. An rarraba shi zuwa ƙananan ɗigo miliyoyi, kowane ɗigo yana ɗauke da lamba uku: ta ja, ta tsanwa, ta shuɗi. Kowace lamba tana tashi daga 0 zuwa 255, shi ya sa haɗuwarsu ke ba da launi 16,777,216. In ɗigo ya ce 255, 0, 0, umarnin da ya ba allo shi ne ya kunna ja iya ƙarfinsa, ya kashe sauran biyun. To amma ja iya ƙarfin wane allo? Jan da tsohuwar kwamfutar ofis za ta iya fitarwa ba ya kai wanda sabuwar salula mai tsada ke fitarwa. In aka ce maka an auno hatsi tiya goma, ba ka san yawan hatsin ba sai ka san tiyar wace kasuwa aka yi awo da ita. Lambobin hoto su ne adadin tiya, girman tiyar kuwa shi ne abin da ake kira ma'aunin launi.

Ma'aunin da ya fi kowane yaɗuwa sunansa sRGB, wanda manhajojin da ke cikin Faransanci ke rubutawa sRVB. Kamfanonin HP da Microsoft ne suka fito da shi a 1996, hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta amince da shi a 1999. An gina shi ne a kan abin da allunan wancan zamani, masu ƙaton baya, suke iya nunawa. Wannan asali nasa yana da muhimmanci ƙwarai. Shekaru da dama kusan duk allunan duniya suna kusa da sRGB, don haka ko burauza bai yi lissafin komai ba, ya kwashi lambobi ya watsa wa allo yadda suke, launi yakan fito kusa da daidai. Ba a ga matsalar ba ne kawai saboda kowa yana awo da abu kusan iri ɗaya.

Sai wasu ma'aunai masu faɗi suka shigo. Adobe RGB ya fito a 1998 domin masu aikin ɗab'i, ya fi sRGB faɗi a wajen tsanwa da launin da ke tsakanin tsanwa da shuɗi. ProPhoto RGB na kamfanin Kodak ya fi su faɗi nesa ba kusa ba, har yana ɗauke da launukan da babu allon da ke nuna su. Sannan ga Display P3, wanda Apple ya samo daga ma'aunin majigin silima, ya sa shi a kwamfutar iMac a 2015, ya sa shi a iPhone 7 a 2016. Ya fi sRGB faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari, musamman a ja da tsanwa. Yau wayoyi masu yawa na Android, musamman masu allon OLED, suna iya nuna launukan da suka kai wannan faɗin.

Lambobi kaɗan za su nuna girman abin. Jan da ya fi kowane ƙarfi a sRGB shi ne 255, 0, 0. Wannan jan dai, in za a rubuta shi a Adobe RGB, kusan 219, 0, 0 ne, a Display P3 kuma kusan 234, 51, 35. Tsanwa mafi ƙarfi a sRGB, wato 0, 255, 0, a Adobe RGB kusan 144, 255, 60 ne. Yanzu a ce mai hoto ya adana aikinsa a Adobe RGB, burauza kuma ya karanta lambobin a matsayin na sRGB. Inda ake nufin ja cikakke sai ya ga 219, ya fitar da ja mai rauni. Inda ake nufin tsanwa shar sai ya gauraya masa ja da shuɗi, ya fito dishi-dishi. Daga nan koɗewar take. Akasin haka kuma, in hoton sRGB ne aka watsa lambobinsa kai tsaye ga allo mai faɗin P3, 255 ɗin nan zai kunna jan allon har ƙarshensa, alhali 234 da ɗan gaurayen tsanwa da shuɗi ya kamata a ba shi. Sai fatar mutum ta yi kamar an shafa mata jan baki, atamfa ruwan hanta ta koma ja.

Masana'antar ta ga wannan tun da wuri. A 1993 kamfanoni takwas, cikinsu har da Adobe, Apple, Kodak, Agfa da Microsoft, suka kafa ƙungiyar ICC domin a samu hanya ɗaya ta bayyana ma'auni. Abin da suka fito da shi wani ɗan bayani ne da ake cusawa cikin fayil ɗin hoto, bari mu kira shi shaidar launi. Aikinta ta faɗa wa duk manhajar da ta buɗe hoton cewa lambobin nan da ma'auni kaza aka rubuta su. Ba ta da nauyi, shaidar sRGB da aka fi sani ba ta wuce kilobayit 3 da ɗan abu ba. Allo ma yana da tasa shaidar, wadda ke bayyana iyakar jansa, tsanwansa, shuɗinsa da irin farinsa. Manhaja mai aiki daidai tana karanta shaidar hoto, ta mayar da lambobin zuwa wani ma'auni na tsakiya da ya samo asali daga gwajin ganin idon ɗan Adam da hukumar CIE ta kafa a 1931, daga nan ta sake lissafa lambobin da wannan allo na gabanta yake buƙata. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido.

Bambancin burauza da burauza bai wuce tambaya uku ba. Yana karanta shaidar da ke cikin hoto? In hoton ba shi da shaida, me yake ɗauka? Kuma ya san halin allon da yake nunawa a kai? Kowane ya amsa su a lokacinsa, wani ma rabi ya amsa.

Safari ne ya riga kowa, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Apple yana da tsarin kula da launi mai suna ColorSync a cikin kwamfutocinsa tun 1993, sannan shi ke ƙera allon, shi ke rubuta manhajar. Tun tsakiyar shekarun 2000 Safari ke karanta shaidar hoto. Internet Explorer kuwa sai a na 9, a 2011, ya fara karanta ta, amma yana mayar da komai sRGB ne ya tsaya nan, bai duba shaidar allo. A allo na gama-gari babu laifi, a allo mai faɗi launuka su yi ɗau. An yi ritayarsa a watan Yunin 2022, amma tsofaffin kwamfutocin ofis da na wuraren buga takardu ba su rasa shi.

Labarin Firefox ya fi ɗaukar hankalina, domin har yanzu yana shafar masu hoto. A 2008, cikin Firefox 3, aka saka kula da launi amma a kashe. A 2009, cikin 3.5, aka kunna shi, sai dai ga hotuna masu shaida kaɗai. Wanda ba shi da shaida, da launukan shafin kansa irin su bango da rubutu, sai a miƙa wa allo lambobinsu ɗanye. Wannan zaɓi ne ke sa mutum ya buɗe shafi ɗaya a kwamfutar Windows mai allo mai faɗi, ya ga hoto ɗaya daidai, na kusa da shi ya yi jawur, alhali kyamara ɗaya ta ɗauke su. Saitin yana nan a buɗe ga mai so: a rubuta about:config a wurin adireshi, a nemo gfx.color_management.mode. Lamba 0 na nufin a kashe, 2 na nufin masu shaida kaɗai, 1 kuma na nufin a kula da komai, marar shaida a ɗauke shi sRGB. Duk mai gyaran hoto da ke amfani da Firefox, ina ba shi shawara ya mayar da shi 1. Sai dai ya tuna kwamfutarsa kaɗai ya gyara, ba ta masu kallon aikinsa ba.

Chrome ya ɗan jima yana karanta shaidar hoto kafin ya kammala aikin. A ƙarshen 2017 ne ya fara ɗaukar duk abin da ba shi da shaida a matsayin sRGB, yana kuma juya komai zuwa ma'aunin allon. Wannan shi ne abin da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta tanada. Abin lura, da gyaran ya fito mutane da yawa sun yi ƙorafin cewa launuka sun dusashe. Ido ya saba da ja mai wuce gona da iri, da aka kawo na gaskiya sai ya zama kamar an rage wani abu. Edge ya koma kan injin Chrome a watan Janairun 2020, ya gaji halinsa.

Maganar inji kuwa tana sauƙaƙa lissafin. Sunayen burauza suna da yawa, amma injinan da ke zana shafi uku ne manya: Blink, wanda Chrome, Edge, Opera, Brave da Samsung Internet ke hawa; Gecko na Firefox; da WebKit na Safari. A iPhone ɗin da ke hannun mutane a nan, ko Chrome ka sauke ko Firefox, WebKit ne a ƙarƙashi, don haka launi iri ɗaya za ka gani da na Safari. Ko a rubutun shafi, Safari ya riga saura da shekaru wajen barin mai gina shafi ya zaɓi launi daga Display P3. Chrome ya iso nan a fitowarsa ta 111 a watan Maris na 2023, Firefox a ta 113 a watan Mayu na shekarar.

Amma mafi yawan masu kallon hoto a Maraɗi, Tasawa ko Madarunfa ba a kwamfuta suke gani ba, a salular Android ce, Tecno, Infinix, Itel ko Samsung. A nan abin ya fi cuɗewa. Android bai samu cikakken tsarin kula da launi mai faɗi ba sai a na 8, a 2017, kuma ko bayan haka masu ƙera waya suna sa nasu hannun. Wayoyi da yawa suna zuwa da saitin allo da ke ƙara wa launi ƙarfi da gangan, domin wayar ta ɗauki ido a kanti. A Samsung akwai zaɓi biyu a saitin allo, mai ƙarfin launi da na asali, kuma na asalin ne ya fi kusa da gaskiya. Burauza zai iya yin lissafinsa tsaf, wayar ta zo daga baya ta ƙara gishiri. Ga kuma tace shuɗin haske da ake kunnawa da dare don hutun ido, wanda ke mayar da fari ruwan madara, ya karkatar da shuɗi. Mutane da yawa sun kunna shi sun manta. Masu Opera Mini kuma, don tsimin megabayit, hoton bai iso musu kai tsaye: yana bi ta kwamfutocin kamfanin ne a matse shi tukuna, kuma ingancin da zai fito da shi ya danganta da abin da aka zaɓa a saiti.

Matsewa tana taɓa launi ta wata hanya dabam. Tsarin JPEG yakan adana haske da duhu cikakke, amma bayanin launi yakan rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, domin ido ya fi lura da haske. A hoton fili ba a gani. A zaren aiki ja siriri a kan baƙar shadda kuwa, jan yakan malala gefe ya yi duhu, kuma duk lokacin da aka tura hoton aka sake matse shi, abin ƙaruwa yake. Tura hoto a WhatsApp a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, yana kai fayil ɗin yadda yake.

Ina shaidar launi ke ɓacewa tun farko? Wuri na farko kyamara ce. Manyan kyamarorin Canon da Nikon suna ba da zaɓi tsakanin sRGB da Adobe RGB, kuma matasa masu koyon sana'ar sukan zaɓi na biyun don an ce musu ya fi. Da yawa daga cikin kyamarorin ba su cusa cikakkiyar shaidar ICC a hoton, alama kawai suke sawa cikin bayanan kyamara, wadda manhajar gyaran hoto ke ganewa amma burauza ba ya dubawa. Akwai hanyar ganewa da ido: in sunan fayil ya fara da ɗan layin ƙasa, kamar _DSC ko _MG_, a Adobe RGB aka ɗauke shi. In aka ɗora irin wannan kai tsaye daga katin kyamara, a koɗe zai fita ko a burauzan da ya fi kowane iya aiki, domin shi zai ɗauka sRGB ne. Wuri na biyu shi ne ƙananan manhajojin rage nauyin hoto da wasu shafuka, waɗanda ke share duk bayanan da ke manne da fayil, shaidar launi ta tafi tare da su. Hoton iPhone na P3 da aka yi wa haka yakan ɗan dusashe.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana: duk hoton da zai hau intanet, a juya shi zuwa sRGB, a kuma bar shaidar a cikinsa. Wannan ne kaɗai yanayin da hoto ke tsira ta kowace hanya. Burauza mai karanta shaida zai karanta, wanda ba ya karantawa zai yi zaton sRGB ya dace da gaskiya, in ma an share shaidar a hanya lambobin suna nan a ma'aunin da kowa ke zato. A Photoshop na Faransanci a kiyaye umarni biyu masu kama da juna. «Convertir en profil» yana sake lissafa lambobin domin launi ya zauna yadda yake, shi ake so. «Attribuer un profil» lambobin yake bari ya sauya sunan ma'auninsu kawai, launin ya gurɓace nan take. A Lightroom kuma, wanda ke aiki a ciki da ma'auni mai faɗi irin na ProPhoto, a lokacin fitar da hoto ne ake zaɓar sRGB.

Mai cewa ana asarar launi da haka yana da ɗan abin kamawa. Akwai rini mai ƙarfi, ruwan goro mai walƙiya, jan leshi, wani shuɗi-tsanwa na shadda, da ke wuce iyakar sRGB. In aka tilasta su ciki sai su taru a lamba ɗaya, ninkin yadin da zanen saƙarsa su shafe a wurin. Ga irin wannan, Display P3 mai ɗauke da shaidarsa yana fita da kyau a sababbin Safari da Chrome a kan allo mai faɗi. Amma yawancin abin da muke ɗauka, fatar mutane, jar ƙasa, ganyen gero, fatar jar akuyar Maraɗi da jima ke alfahari da ita, duk suna zaune lafiya cikin sRGB. Kuma faɗin ba kyauta ba ne: matakai 256 ɗin nan dai su ne, in aka shimfiɗa su a fili mai faɗi tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, sararin sama ya fara nuna layi-layi. Mai studiyo ya ajiye asalin aikinsa a ma'auni mai faɗi don gaba, ya fitar wa jama'a da sRGB.

Akwai abin da ya riga burauza, wato hasken da aka ɗauki hoton a ciki. Kyamarar waya tana ƙoƙarin gano mene ne fari a wurin, daga nan ta daidaita saura. In yadi ruwan ɗorawa ya cika hoton baki ɗaya, sai ta yi zaton hasken ne ya yi rawaya, ta zuba shuɗi don gyarawa, kalar ta tashi daga yadda take tun kafin a tura. Fitilar shago ma tana da nata launin, shadda kuma da ƙyallinta tana maido da duk hasken da ya faɗa mata. Ɗauka a inuwar bakin ƙofa da hasken rana, tare da ajiye farar takarda a gefen yadin, yana taimakon kyamara, yana kuma ba mai kallo abin gwadawa: in takardar ta fito masa ruwan madara ko shuɗi-shuɗi, ya san akwai abin da ya karkata.

Tambaya ta uku, ta sanin halin allo, ita ce har yau ba ta da amsa mai sauƙi a Windows. Burauza ba ya auna allo, abin da kwamfuta ta faɗa masa yake bi. In ba a saka wa allon shaidarsa ba, Windows yakan ɗauka sRGB ne, sai kwamfutar hannu mai allo mai faɗi ta dinga ƙara launi a Chrome, Edge da Firefox baki ɗaya. Mai gyara a irin wannan allo zai ga fata ta yi ja, ya rage, aikinsa ya fita a koɗe a wurin kowa. Maganin shi ne ƴar na'urar awon allo, irin Spyder ta kamfanin Datacolor ko ta Calibrite, wadda ake rataya wa a fuskar allon, ta auna launukan da yake fitarwa, ta rubuta masa shaidarsa. Tana da tsada ga mai studiyo ɗaya, amma ba kullum ake buƙatarta ba, awon bai wuce ƴan mintuna, kuma sai bayan makonni ake maimaitawa. Masu hoto biyar ko shida na unguwa ɗaya a Maraɗi, Zariya ko Sabon Gari, za su iya haɗa kuɗi su sayi guda su dinga karɓa-karɓa.